Zaurukan Rawa na Bath: Ginin da Ya Sha Gyara Sau Uku

A watan Oktoba na shekarar 1938, manyan garin Bath da ke kudu maso yammacin Ingila suka caɓa ado suka hallara a wani tsohon gini da ake kira Assembly Rooms, domin bikin sake buɗe shi. Shekara bakwai ke nan da aka ƙwato ginin daga hannun masu nuna silima da 'yan gwanjo. An sake shafe, an sake fenti, an wanke manyan fitilun ƙarau da ke reto a rufi, an kuma gayyato Gimbiya Marina, matar ƙanin Sarkin Ingila, ta halarci rawar daren buɗewa. Shekara uku da rabi kacal bayan wannan dare, a ƙarshen watan Afrilu na 1942, jiragen yaƙin Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai. Ginin ya kama da wuta, cikinsa ya ƙone ƙurmus, gari ya waye ba abin da ya rage sai bangaye a tsaye.

Baƙon da ya shiga waɗannan zauruka a 'yan shekarun nan, ya ɗaga kai ya ga adon silin da ginshiƙai da shuɗin fenti, zai iya rantsuwa cewa aikin maginan 1771 yake kallo. Alhali mafi yawan abin da idonsa ya faɗa a kai aikin ƙarni na 20 ne, wani ma na wajajen 1990. Sau uku ana yi wa ginin gagarumin gyara cikin shekara 60, kuma kowane karo masu gyaran sun ci karo da matsala guda wadda ta fi ta dutse da katako wuya: an gina wurin ne domin wata al'ada, al'adar kuwa ta daɗe da mutuwa ta bar ginin.

Ruwa ne asalin komai. A tsakiyar Bath akwai maɓuɓɓugai uku na ruwan zafi, babbar cikinsu tana fitar da sama da lita miliyan ɗaya kowace rana, da zafin da ya kai digiri 46. Romawa sun gina wuraren wanka da ɗakin bauta a kanta cikin ƙarni na farko, suka kira garin Aquae Sulis. Bayan tafiyarsu marasa lafiya ba su daina zuwa ba, musamman masu ciwon gaɓɓai da cututtukan fata, amma har farkon ƙarni na 18 Bath ƙaramin gari ne mai ganuwa, mutanensa ba su wuce 3,000 da wani abu ba. Sarauniya Anne, wadda ciwon gaɓɓai ya addaba, ta je neman sauƙi a 1702, ta kuma koma a 1703. Inda sarauniya ta sa ƙafa, can fadawa da attajirai ke bi. Sai dai mai kuɗin da ya yi wanka da sassafe, ya kurɓi kofi biyu ko uku na ruwa mai ƙarnin ƙarfe, yana da sauran yini guda da dare a gabansa, ga shi likita ya ce ya zauna makonni. Cike wannan zaman banza shi ya zama babbar sana'ar garin.

Wanda ya gane haka ya kuma ci moriyarsa shi ne Richard Nash, wanda aka fi sani da Beau Nash. An haife shi a Swansea a 1674. Ya shiga Oxford bai gama ba, ya shiga soja ya fita, ya taɓa aikin lauya ya bari. Abin da ya iya shi ne caca da sa kaya da tafiyar da mutane. A wajajen 1705 ya zama sarkin bikin Bath, bayan an kashe mai riƙe da muƙamin a faɗan takobi, ya kuma riƙe shi fiye da shekara 50 ba tare da wata doka ta ɗaure masa gindi ba. Ya hana shiga taro da takobi. Ya hana maza shiga rawa da dogayen takalman hawan doki. Ya yanke cewa rawa za ta fara ƙarfe 6 na yamma ta tashi ƙarfe 11 daidai, don marasa lafiya su samu barci. Oliver Goldsmith, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1762, ya kawo labarin yadda Gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na Biyu, ta nemi a ƙara mata rawa ɗaya bayan lokaci ya cika, Nash ya ce a'a. Babbar dabararsa ita ce tilasta wa masu sarauta da 'yan kasuwar da suka yi sabon kuɗi su shiga ɗaki ɗaya su gaisa, abin da da wuya ya yiwu a Landan. Dokokin taƙaita caca na 1739 da 1745 suka karya shi, ya mutu a 1761 yana cin ɗan alawus ɗin da majalisar gari ke ba shi.

Nash bai ga ginin da ake magana a kai ba. A zamaninsa ana taruwa ne a wasu zauruka biyu da ke ƙasan gari kusa da kogin Avon, na farkonsu an gina shi a 1708. Amma garin yana ta hawa tudu. John Wood babba ya zana Queen Square da zagayayyen jerin gidajen nan da ake kira Circus. Ɗansa, John Wood ƙarami, ya ƙarasa Circus, ya ɗora da Royal Crescent daga 1767, gidaje 30 a jere masu siffar jinjirin wata. Masu hannu da shuni suka koma sama, suka fara ƙorafin gangarawa tsofaffin zauruka masu cunkoso. Robert Adam, mai zanen ginin da ake yayi a Landan a lokacin, ya kawo nasa zanen, aka ga ya yi tsada, Wood ƙarami ya samu aikin. Aka aza harsashi a watan Mayu na 1769, aka buɗe ranar 30 ga Satumba, 1771, bayan an kashe kusan fam 20,000.

Ba gwamnati ce ta biya ba, ba kuma majalisar gari ba. Wasu masu kuɗi ne suka haɗa jari a kan wani tsari da ake kira tontin, mai kama da adashi amma da mugun sharaɗi: kowa ya zuba rabonsa yana karɓar riba, wanda ya mutu rabonsa ya koma ga waɗanda suka rage, har dukiyar ta tattaru a hannun masu tsawon rai. Ke nan tun ranar farko harkar kasuwanci ce. Masu jari suna jiran riba daga kuɗin rajistar rawa, da kuɗin teburin karta, da sisin da mai shiga ke biya na shayi.

Wood bai ɓata kuɗi a waje ba. Daga titi ginin ba shi da wani kwarjini, dutse ne mai launin zuma irin na sauran garin, da rumfuna inda masu dakon mutane a kujera ke sauke fasinjojinsu. Ado yana ciki. Zauren rawa ya haura mita 30 a tsawo, faɗinsa da tsayinsa kowanne kusan mita 13, kuma a cikin gine-ginen Bath na wannan zamani babu ɗakin da ya kai shi girma. An ɗaga tagoginsa can sama kusa da rufi, don zafin jikin ɗaruruwan mutane da hayaƙin kyandir su samu mafita, don kuma mai wucewa a titi kada ya leƙa. A ɗaya ɓangaren akwai zauren shayi, mai ginshiƙai hawa biyu a ƙarshensa da barandar makaɗa. Wani ɗaki mai kusurwa takwas ne ya haɗa su, nan ake buga karta, har 'yan cacar suka yi wa ɗakin yawa aka ƙara musu wani a 1777.

Fitilun suna da nasu labari. An ba wani mai sana'ar gilashi a Landan, Jonathan Collett, kwangilar fitilu biyar na zauren rawa. Wata guda da buɗewa, reshen ɗaya daga cikinsu ya ɓalle ya faɗo, saura ƙiris ya sami Thomas Gainsborough, shahararren mai zanen hotuna wanda a lokacin yake zaune a Circus. Masu jari suka sa aka sauke duka biyar, aka ba William Parker na titin Fleet aikin yin sababbi, shi da ya riga ya yi uku na zauren shayi. Daga sassan na Collett aka harhaɗa babbar fitila guda aka rataye a ɗaki mai kusurwa takwas, ɗakin da aka kafe hoton Kyaftin William Wade, sarkin bikin farko na sababbin zaurukan, wanda Gainsborough ɗin ya zana. Wannan kwangila ce ta fito da sunan Parker, har ya kai ga yi wa Yarima mai jiran gado aiki a fadarsa ta Carlton House.

Lokacin baƙi yana kamawa daga Oktoba har wajen Mayu. Rawa sau biyu a mako, kiɗan sauraro sau ɗaya, karta a sauran ranaku. A babban dare mutum 800 zuwa sama da 1,000 kan cika wurin. Awa biyun farko na rawar minuwet ce, rawa mai nauyi wadda namiji ɗaya da mace ɗaya ke yi a tsakar fili kowa na kallo, ana fita bisa girman muƙami. Ƙarfe 8 a koma rawar gayya ta layi-layi, ƙarfe 9 a tafi shayi. Iyaye mata na zaune a benci a jikin bango suna lissafi, domin ainihin cinikin da ake yi a zauren aure ne: wa ke da gonaki, wa ke da sarauta ba kuɗi, 'yar wa za ta zo da dukiya. Sarkin biki shi ne dillali, tun da budurwa ba ta rawa da wanda ba a gabatar mata ba, kuma gabatar da baƙi aikinsa ne. Jane Austen ta zauna a Bath daga 1801 zuwa 1806, ta kuma sa wa zaurukan ido sosai. A littafinta Northanger Abbey, yarinya ta shiga zauren rawa a karon farko ta rasa ko wurin juyawa saboda cunkoso, ta tashi ba wanda ya neme ta da rawa. A Persuasion kuma, a ɗaki mai kusurwa takwas ne masoya biyu da suka rabu shekara takwas suka fara sake fahimtar juna kafin a shiga sauraron kiɗa.

Thomas Linley ne ya fara jagorantar makaɗan wurin. 'Yarsa Elizabeth, mai zaƙin murya, ta gudu Faransa da Richard Sheridan a 1772, lamarin da ya jawo faɗan takobi har sau biyu ya kuma ba garin abin tsegumi na dogon lokaci. Bayan Linley, mawaƙi ɗan Italiya Venanzio Rauzzini ya riƙe harkar har mutuwarsa a 1810. A zamaninsa ne, a watan Disamba na 1789, wani yaro ɗan shekara 11 mai suna George Bridgetower, wanda mahaifinsa baƙar fata ne, ya goga gogen Turawa a gaban mutum sama da 500 ya burge su. Shi ne wanda daga baya Beethoven ya tsara wa kiɗan da aka sani da Kreutzer, suka yi shi tare a Biyana a 1803 kafin su ɓata ya cire sunansa.

Bridgetower ba shi kaɗai ne zaren da ya haɗa zauren da Afirka ba, kuma ɗaya zaren ba shi da daɗin ji. Sukarin da ake zubawa a shayin ƙarfe 9 daga gonakin rake na tsibiran Karibiyan yake zuwa, inda bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ke noma shi. Tashar jiragen ruwa ta Bristol ba ta fi kilomita 20 daga Bath ba, kuma jiragenta sun yi jigilar 'yan Afirka kusan rabin miliyan tsakanin 1698 da 1807. Masu gonakin raken da suka ƙi zafin tsibiran suna son zaman Bath ƙwarai. Da Birtaniya ta soke bauta a 1833 ta ware fam miliyan 20 don biyan masu bayi diyya, ba bayin ba, sunayen mazauna Bath da dama sun fito a takardun masu karɓa.

Faɗuwar wurin ba ta zo da hayaniya ba. Likitoci suka fara yabon ruwan teku; Yarima mai jiran gado ya fara zuwa Brighton a 1783, mahaifinsa George na Uku ya tafi Weymouth a 1789, masu kuɗi suka bi su. Bayan yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815, hanyar garuruwan wanka na Jamus irin su Baden-Baden ta buɗe. A Bath kanta, garin da mutanensa suka haura 30,000 a 1801, manya suka ga zaurukan sun cika da kowa da kowa, sai suka koma shirya liyafa a gidajensu. Dabarar Nash ta haɗa kowa wuri ɗaya ta yi nasarar da ta kashe kanta. Tsofaffin zaurukan ƙasan gari suka ƙone a 1820. Garin ya zama matattarar tsofaffin hafsoshi da limaman coci da zawarawa masu ɗan abin hannu. Charles Dickens ya yi wa sarkin bikin Bath ba'a a Pickwick Papers, daga baya kuma shi kansa ya zo ya karanta littattafansa a zauren ana biya. Franz Liszt da Johann Strauss babba sun yi kiɗa a can. Amma wannan haya ce ta dare ɗaya-ɗaya. Zuwa shekarun 1920 zauren rawa ya zama gidan silima, zauren shayi ya zama wurin gwanjo.

Mutumin da ya cece shi a 1931 ba ya son a san shi. Ernest Cook jikan Thomas Cook ne, wanda ya kafa kamfanin yawon buɗe ido mai wannan suna. Shi da ɗan'uwansa sun sayar da kamfanin a 1928, ya ɗauki rabonsa ya shiga sayen tsofaffin gidaje da filaye. A shekarar da ya sayi gidan Montacute, a ita ya biya kuɗin zaurukan Bath, ta hannun ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da ake taƙaita sunanta SPAB, aka miƙa su ga National Trust, ƙungiyar adana kayan gado da aka kafa a 1895. Ita kuma ta ba majalisar birnin haya bisa sharaɗin ta gyara ta kula. Aikin ya faɗa hannun Mowbray Green, mai zanen gini ɗan garin, wanda tun 1904 ya wallafa littafi a kan gine-ginen Bath na ƙarni na 18.

Gyaran Green shi ne mafi sauƙi a cikin ukun, domin ginin Wood yana nan, cire abin da masu silima suka liƙa ne da ɗinke abin da ya tsage. Hakan ya dace da aƙidar SPAB. William Morris ya kafa ƙungiyar a 1877 ne musamman don yaƙar masu rushe tsohon aiki su sake shi sabo fil da sunan maido da shi asalinsa. Koyarwarsa ita ce a tallafi abin da ya tsufa, a toshe inda ke yoyo, amma kada a ƙirƙiro tsoho da sabon hannu.

Sai yaƙi. A daren 28 ga Maris, 1942, jiragen Birtaniya suka ƙone tsohon birnin Lübeck na Jamus. Hitler ya ba da umarnin ramuwa a kan garuruwan tarihi na Ingila waɗanda ba su da isasshiyar kariya: Exeter, Bath, Norwich, York, sannan Canterbury. Ana kiran hare-haren da sunan Baedeker, littafin jagorar matafiya na Jamus, saboda wani kakakin ma'aikatar harkokin wajen Jamus ya yi alfaharin cewa za su bi duk ginin da littafin ya yaba su rushe. Kuɗin yawon buɗe ido ne suka sayi zaurukan, ga shi kuma an laƙaba wa harin da ya ƙone su sunan littafin 'yan yawon buɗe ido. An kai wa Bath hari uku tsakanin 25 da 27 ga Afrilu. Mutum 417 suka mutu, gine-gine sama da 19,000 suka lalace, ciki har da gidaje biyu na Royal Crescent da wani sashe na Queen Square. A zauren shayi, zafin wutar ya mayar da dutsen bango ja-ja, kuma launin bai koma ba har yau. Fitilun tara ne kawai suka tsira daga kayan ciki, saboda tun farkon yaƙi aka sauke su aka ɓoye a wani wuri.

A nan koyarwar Morris ta rasa amsa. Babu abin da za a tallafa. Zaɓi uku ne: a bar kufai, a gina sabon abu, ko a kwaikwayi na da. Coventry ta bar ƙonanniyar majami'arta a tsaye ta gina sabuwa ta zamani a gefenta, aka buɗe a 1962. Warsaw ta sake gina tsohon garinta gida-gida kamar yadda yake. Bath ta ɗauki lokaci kafin ta yanke shawara, kuma tana da uzuri: dubban mutane ba su da matsuguni, kayan gini sai da lasisin gwamnati har 1954, ba wanda zai fito ya ce zauren rawa ya fi gidan kwana. Ginin ya zauna kufai fiye da shekara goma.

Da aka tashi yi, sai aka kira Sir Albert Richardson, kuma da wuya a samu wanda ya fi shi dacewa. Ya shugabanci Royal Academy daga 1954 zuwa 1956, ya riga ya tayar da cocin St James's na Piccadilly da bam ya lalata. Son ƙarni na 18 ya kai shi har ya daɗe yana ƙin sa lantarki a gidansa na Ampthill, yakan sa tufafin wancan zamani, wani lokaci har a ɗauke shi a kujera zuwa liyafa. Shi ya sake tayar da rufi da silin da adon filasta bisa tsarin Wood. Zaɓen launuka kuwa an sa hannun Oliver Messel, gwanin ƙawata dandalin wasan kwaikwayo, wanda ya kalli zaurukan da idon mai shirya dandali. Aka buɗe a 1963, aka mayar da fitilun Parker da ta Collett mazauninsu. Richardson ya rasu shekara guda bayan haka.

Kwaikwayon ya yi daidai. Darajar zauren Wood tana cikin awonsa ne, yadda tsawo da faɗi da tsayi suka dace da juna da yadda ɗaki ke kai mutum ɗaki, kuma awo abu ne da ake iya maimaitawa. Ga bangayen asali a tsaye, ga fitilu tara na asali da babu ɗakin da zai ɗauke su sai irin wanda aka yi su dominsa. Abin da ke da wuyar karewa shi ne abin da majalisar birnin ta yi da ɗaya hannun. A daidai shekarun da take alfahari da zaurukan da aka sake, tana rushe ɗaruruwan ƙananan gidajen ƙarni na 18 na gaske, waɗanda bam bai taɓa ba, gidajen magina da masu wanki da masu dakon kujera, wato mutanen da suka yi wa masu rawar hidima. Wasu daga cikin unguwannin, kamar Ballance Street, taku kaɗan ne daga ƙofar zauren. Sai da Adam Fergusson ya wallafa The Sack of Bath a 1973, ƙasar ta yi caa, kafin rusau ɗin ya lafa.

Tambayar abin da za a yi da ginin ta samu amsa daga wata mata mai suna Doris Langley Moore, wadda ta shafe shekaru tana tara tsofaffin tufafi tana neman inda za ta aje su. Ta ba birnin kyauta, aka buɗe gidan tarihin tufafi a ƙarƙashin zaurukan a 1963. Tun shekarar farko aka fara al'adar zaɓen rigar shekara, ta farko ɗinkin Mary Quant ce. Tarin ya girma har ya kai kaya kusan 100,000, aka sauya masa suna zuwa Fashion Museum a 2007. Kusan shekara 60 masu zuwa kallon riguna a ƙasa suna taimakawa wajen riƙe zaurukan da ke sama, tare da kuɗin hayar bukukuwan aure da tarurruka da kiɗa.

A cikin wannan lokaci garin ruwan zafi ya rasa wankansa. A 1978 wata yarinya ta mutu da sanƙarau bayan ta yi iyo a ruwan, aka gano wata ƙwayar cuta a cikinsa, aka rufe wuraren wanka. Sai a 2006 aka buɗe sabon wurin Thermae Bath Spa, bayan jinkiri da shari'a da kuɗin da suka ninka abin da aka ƙiyasta fiye da sau uku. Shekara 28 ke nan Bath tana rayuwa da gine-ginenta kaɗai, kuma a cikinsu, a 1987, UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Gyara na uku ya zo ne ba shiri. A ƙarshen shekarun 1980 wani sashe na silin ɗin zauren rawa ya rufto. Silin ɗin Wood ya yi shekara 170 sai da wuta ta ci shi. Na bayan yaƙi bai cika 30 ba. Aka rufe ginin, aka sake aikin filasta, aka kuma yi amfani da damar aka kawar da launukan Messel. David Mlinaric ya zaɓi sababbi bisa binciken launukan da ake amfani da su a ƙarni na 18, ciki har da shuɗin zauren rawa, aka sake buɗewa a 1991. Wato abin da mutanen 1963 suka ɗauka shi ne kamannin 1771, mutanen 1991 sun ga kamannin 1963 ne, suka goge. Wannan siffa ta uku ita masu shirya fim suka yi ta haya, daga The Duchess na 2008 zuwa Bridgerton na Netflix, wanda ya nuna wa miliyoyin masu kallo zauren shayi.

A 2021 UNESCO ta sake sa Bath a wani jeri, na manyan garuruwan wanka 11 na Turai, tare da Baden-Baden da Vichy da Karlovy Vary, abokan gasarta na da. Amma zaman haya tsakanin majalisa da National Trust ya zo ƙarshe. Gidan tarihin tufafi ya rufe ƙofarsa a Oktoban 2022, ana shirin mayar da shi tsohon gidan waya da ke tsakiyar gari, ƙungiyar kuma ta karɓi ginin a hannunta a Maris na 2023. Shirinta shi ne zaurukan su ci da kansu, baƙo ya biya don ya ga yadda daren rawa yake a zamanin Wood. Wannan ya sa an sake kafa tsani a ginin, karo na huɗu.

Da aka kwashe kayan gidan tarihin daga ƙasa, masu haƙar kayan tarihi na Wessex Archaeology suka ɗaga daɓe a 2023, suka tarar da kwarmin wankan ruwan sanyi na dutse, mai matakala, tun na ginin farko, cike da ɓaraguzai. Likitocin ƙarni na 18 sukan umarci mutum ya faɗa ruwan sanyi don ƙarfafa jiki, kuma masu jarin 1771 sun ga cewa wannan ma abin sayarwa ne, suka haƙa shi a ƙarƙashin ƙafafun masu rawa. An kwashe tarkacen, kuma kwarmin yana cikin abubuwan da ƙungiyar ke son nuna wa baƙi idan an gama aikin.